Saƙon da Na Kai Kujerar Baya

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan. Wasu sun bi ruwa, wasu ko an tuna mini sai in ce ban san zancen ba. Amma abin da ya faru a gidanmu shekarar da jikata ta nemi komawa jami'a yana nan daram a raina, kuma na san da shi za a kai ni makwancina. Ni ban yi lakwal ba, wato karatun boko, ina faɗa ne ana rubutawa, amma abin da na gani da idona ba na bukatar kowa ya karanta mini shi.

Lokacin ina zaune wurin ɗana a Amurka, a garin Greensboro, a wani gidan haya na sama bayan High Point Road. Ya ɗauko ni daga Damagaram bayan rasuwar mahaifinsa, wai in zo in huta. Shi tasi yake ja, matarsa tana kitso a shagon wata 'yar Togo. Babbar 'yarsu ita ce ta fari, kuma sunana aka sa mata, don haka takwara nake ce mata. Tana ƙarama aka kawo ta ƙasar nan. In ka yi mata Hausa tana ji sarai, amma in ta tashi amsawa sai ka tsinci rabi a Hausa, rabi a Turanci.

Kwalejin shekara biyu take yi, irin wadda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ke farawa da ita. Yadda aka fahimtar da ni, in yaro ya yi ƙoƙari a nan, sai ya nemi babbar jami'a ta karɓe shi ya ƙarasa karatun a can. Ba a shiga haka kawai. Sai ka cika takardu, ka rubuta labarin kanka, sannan wani malami da ya san ka ya rubuta shaida a kanka, kuma akwai ranar da ake rufe ƙofa. Ita injiniya take son zama, mai gina gadoji. Duk gadar da muka bi ta ƙarƙashinta sai ta leƙa ta tagar mota tana kallon ƙafafunta, kamar mai taya saniya a kasuwa.

Ana cikin sanyi aka yi taron karrama ɗaliban da suka yi fice, aka gayyaci iyaye. Na ci ado da shaddata mai aiki, na yafa mayafi, na ɗora rigar sanyi a sama duk ta ɓata mini kwalliya. Da aka kira sunan takwara, ni dai ban iya daurewa ba, na rangaɗa guɗa, Turawa suka juyo suna dariya suna tafi. Ubanta kuwa yana gefena, kansa a sunkuye, kamar ba shi aka yi wa ba.

Bayan an tashi, sai ga malamarta ta lissafi ta nufo mu, wata doguwar baƙar Ba'amurkiya mai furfura, hannunta riƙe da na yarinyar. Ta yi ta zuba wa ɗana magana fuskarta cike da fara'a. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma yabo ba ya ɓuya ko da wane harshe aka yi shi. Na ga ɗana ya yi murmushi, ya dubi takalminsa, ya ce wani abu gajere yana girgiza kai. Ta sake tambayarsa, ya sake ba ta gajeriyar amsa, ya dubi agogo, ya ce mana zai je ya kawo mota. Wallahi a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina, ka ga ɗan da aka yi wa tarbiyya, ƙasar Turawa ba ta cinye masa kunya ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, malamar ta daina murmushi, yarinyar kuma ta zare hannunta.

Ga wanda bai sani ba, a wurinmu ɗan fari ɗan kunya ne. Uwa da uba ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa yabonsa. In wani ya yaba, sai su rage, don kunya da kuma tsoron baki. Ni kaina babban ɗana har ya yi furfura ban taɓa kama sunansa ba, kuma bai taɓa shakkar matsayinsa a wurina ba. Ballantana wannan da ke ɗauke da sunan mahaifiyar ubanta, ta ina zai fara?

Kwanaki suka ja, na ga takwara ta yi sanyi. Takardun da a da suke baje a teburin cin abinci har muna faɗa a kansu, na neme su na rasa. Uwarta tana yini tana gyara kawunan mutane, don haka kan takwara nawa ne. Wata Asabar da hantsi na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna ina tsefe mata kai, na ce, "Ke, ina maganar babbar makarantar? Ko sun ji labarin munin hancinki sun ce ba sa so?"

A da sai ta rama, ta ce ai hancin gado ne. Ranar kuwa sai ta ce, "Na bari, Kaka. An ƙara mini awoyi a kantin magani. Zan karɓi takardar kwalejin in ci gaba da aiki."

Na ja gashin da gangan. "Wa ya ce ki bari?"

"Ba wanda ya ce. Amma kin san abin da Baba ya gaya wa malamata?"

Sai ta fassara mini. Malamar ta ce ta daɗe ba ta ga ɗaliba irinta ba. Shi kuma ya ce, a'a, ba wani ƙoƙari gare ta ba, sa'a ce da taimakon malamai. Malamar ta ce, to ba ka murna za ta tafi jami'a? Ya ce wannan sai yadda Allah ya yi. Washegari malamar ta kira ta ofis, ta ce ta ga alamar ba a goyon bayan tafiyar a gida, ita kuma ba ta son ta haɗa 'ya da ubanta, don haka ba za ta rubuta shaidar ba sai yarinyar ta tabbata. Takwara ta ce mata ta bar shi kawai.

Na fashe da dariya, don ni a ganina abin dariya ne. Na ce, "Yo wannan ne abin kuka? Ai daidai ya faɗa! So kike ya tsaya gaban baƙuwa yana yi miki kirari kamar maroƙi?" Na zauna na warware mata kunyar ɗan fari tun daga tushe. Na ba ta labarin ranar da aka haife ta, yadda ubanta ya bar gidan ya koma shagon abokinsa don kada a yi masa barka ido da ido, amma duk wanda ya fito daga gidan sai ya tare shi a lungu ya tambaye shi ko jaririyar ta sha nono. Na ce, "Yabo aikina ne, ba nasa ba. Kin fi kowa a makarantar nan, na faɗa, a je a gaya wa kowa."

Ta ce, "Kaka, ke ko ruwa na miƙo miki sai kin ce ba a taɓa haihuwar irina ba. Naki ba ya cikin lissafi."

"Ji mini 'yar banza! Yau yabona ne ya zama araha?"

Ta ɗan yi dariya, amma na ji ɗumin hawaye a gwiwata. Ta ce, "An ce in rubuta dalilin da ya sa na cancanta. Duk lokacin da na zauna sai in ji muryarsa yana cewa sa'a ce. Tun ina ƙarama ƙannena yake ɗauka, su yake kira da suna. Ni sai dai ke, ko waccan. In shi bai gani ba, me zan gaya wa waɗanda ba su san ni ba?"

Nan dariyata ta ƙare. Ina kitso ina tuna gidanmu na Damagaram. A can, in uba ya yi shiru, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai ƙannen uba da maƙwabta, kowa yana kawo wa yaro rahoto: jiya mun ji babanka yana tambayar jarrabawarka, shekaranjiya ya hana kansa barci da kake zazzaɓi. Yaro yana tashi ya san shirun nan cike yake. Nan kuwa fa? Ƙofa a rufe, maƙwabcinmu na dama ɗan Meziko, na hagu ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yarinya ta girma tana jin shirun, babu mai fassara mata shi. Ni kuma na zo a makare.

Washegari bayan sallar asuba na tare ɗana yana shan shayi kafin ya fita. Shi ba na fari ba ne, don haka babu shamaki tsakaninmu. Na gaya masa komai. Ya ajiye kofin ya ce, "Inna, ke fa kika koya mana haka."

Na ce, "Na koya muku, kuma ban janye ba. Amma a gida mai cike da dangi na koya muku. Ka dubi ɗakin nan, ina dangin?"

"To me kike so in yi? In kira ta in ce ina alfahari da ke, kamar a telebijin? Bakina ba zai iya ba, Inna. Sunanki ne fa."

"Ban ce ka zama Bature ba. Amma ƙarshen watan nan za a rufe, kuma in aka rufe tana tunanin ba ka damu ba, ba makarantar kaɗai za ta rasa ba."

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Na ce shi ke nan, na yi tsufan banza.

Mako ya zagayo, ran Lahadi da safe ya leƙo ɗakina ya ce zai je wata gona wajen Pleasant Garden ya duba akuya, in zo in zaɓa tunda na fi shi ido. Ya ƙara da cewa, yana kallon bango, "Ki zo da mai riƙe miki jaka." Na gane wadda yake nufi. Takwara ta shiga baya tana kumbure-kumbure, ni ina gaba.

Ban san hanyoyin garin ba, amma na san hanyar gona itatuwa ne da filaye. Sai na ga muna ta kutsawa gabashin gari, ta gaban coci-coci da ƙananan shaguna, har muka shiga tsakanin wasu manyan gine-gine na jan bulo. Ya rage gudu. Ya fara yi mini bayani, ni da ban tambaye shi ba. "Inna, wancan ɗakin karatu ne, ba ya rufewa da wuri. Wancan na cin abinci ne, akwai abin da Musulmi zai iya ci, na tambaya. Ga inda bas ke tsayawa, amma lokacin sanyi yana makara." Ya san kowane lungu. Na saci kallon madubi, na ga takwara ta gyara zama.

Ya tsaya gaban wani gini mai faɗi, ya kashe mota. Hannayensa biyu a kan sitiyari, idonsa a gaba. Ya ce, "Inna, ki tambayi mutuniyar taki, wannan ne na masu gina gada?"

Na juya, kamar ba a mota ɗaya muke ba. "Takwara, an ce in tambaye ki, wannan ne?"

Ta ce, da wata 'yar murya, "Shi ne."

Sannan ya ce, "Ki gaya mata na daɗe ina sauke 'ya'yan mutane a ƙofar nan. Ina ɗauke musu akwati, ina yi musu fatan alheri. Ban taɓa ganin wanda ya fi ta ba. Ki gaya mata ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan sauke tawa."

Na juya don in isar da saƙo, kamar yadda aka aike ni. Ba a ma bukace ni ba. Yarinyar ta kifa goshinta a bayan kujerar ubanta tana kuka, shi kuma yana ta goge gilashin gaba da hannun riga, gilashin da babu komai a kansa. Sai na ce, "To, akuyar fa? Ko ita ma a nan take karatu?" Duk muka yi dariya, ya tada mota.

Ran Litinin takwara da kanta ta je wurin malamar. Ban san yadda ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari da Turanci ba, amma matar ta rubuta shaidar, har ta aiko a gaishe ni. Takardu suka dawo teburin cin abinci, muka koma faɗanmu. Aka aika kafin a rufe, da zafi ya fara shigowa amsa ta zo sun karɓe ta. Ranar ma ubanta bai ce mata komai ba. Ni ya duba ya ce, "Inna, an gode Allah," kuma wannan karon ta ji shi.

Har gobe ina nan kan bakana, kunya abin ado ce, kuma ba zan ce wa kowa ya yar da ita don ya ƙetare teku ba. Abin da na koya shi ne, shirun iyaye ba ya isa wurin yaro da ƙafarsa, a gida dangi ne suke ɗaukarsa su kai. Duk wanda ya kawo 'ya'yansa inda babu dangi, to ya nemi wanda zai aika, ko da tsohuwa ce a kujerar gaba, kuma ya yi maganar da ƙarfi yadda na baya zai ji.