Fulawar da Inna Ta Ce

Mahaifina ne ya dasa ta a gidanmu na Ruwan Godiya, gefen rijiya. Wata itaciya ce mai ƙaya, ya samo reshenta a makarantar da yake aikin ban ruwa. Ba mu san sunanta ba, fulawa kawai muke ce mata. Da bazara sai ta cika da jajayen furanni har su zubo bayan katanga, masu wucewa kasuwa su riƙa tsayawa kallo.

Inna kuwa ba ta ƙaunarta. Ba a ci, ba a miya da ita, ga shara kullum. Baba ba ya tankawa. Sai ya ɗauki butarsa ya je gindinta ya yi alwala, don kada ruwan ya tafi a banza.

Bayan rasuwarsa zaman ƙauye ya gagara, hanya ma ta zama abin tsoro. Na dawo da Inna Ƙanƙara, gidan haya mai siminti ko'ina. Gidanmu muka bar wa wani ɗan'uwan Baba, wanda ya ce da ruwa ya sauka zai share tsakar gidan ya zuba masara. A gabanta ya faɗa.

Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunana, ba ta doguwar magana da ni. Ranar da aiki zai kai ni Faskari, ta ce, idonta a kan tabarma, "In ka bi ta can, ka taho mani da fulawa."

Na tsaya a Sheme na auno mata mudu biyu na fulawa mai kyau, har ina yabon kaina. Ta buɗe ledar, ta daɗe tana kallon garin, ta ce, "Allah shi yi albarka." Washegari ta soya fanke. Tafiya ta biyu haka, ta uku ma haka. Har na fara mita a raina: tsohuwa da wannan son fanke! Ga gajiyar hanya, ga shingen bincike, ga faɗuwar gaba duk lokacin da direba ya rage gudu.

Ƙanwata ce ta zo daga Sabuwa ta tarar da garin jibge a roba. Ta ja ni zaure.

"Yaya, wai ba ka gane ba? Fulawar Baba take nufi. Reshe take so ta dasa kafin a sare ta."

"To mi ya hana ta faɗi?"

"Ta dube ka, ɗan farinta, ta ce tana kewar mijinta?"

Na yi sammako zuwa Ruwan Godiya. An riga an yi ruwa sau biyu. Ciyawa ta tsiro a gindin duwatsu, kalgo da sabara sun yi sabon ganye, balbela na bin shanu a cikin kwari. Ban taɓa ganin hanyar nan ta yi kyau haka ba, kuma haushinta kawai nake ji, don kowane koren ganye na gaya mini na makara.

Tun daga nesa na ga katangar fayau. Ɗan'uwan Baba ya tarbe ni da fartanya a kafaɗa. Ya ce sati uku ke nan da ya sare ta, ya ƙone kututturen don kada ta yi tofo. Rassan ya yi shingen awaki da su. Na lissafa: a makon da ya sare ta na wuce bakin garinmu da ledar fulawa a cinya. Na zaro reshe ɗaya daga shingen, ya bushe ƙayau, ƙayarsa ta soke ni a tafin hannu.

Na ajiye shi gaban Inna, na kasa ɗaga kai. Ta juya shi, ta karce bawon da farce, ba alamar ɗanye. Ta ce, "Mai ita ya kan ce in ta ji ruwa tana tashi." Ta sa aka cika tsohon bokiti da ƙasa, ta kafa shi.

Bazara uku ke nan bai yi ko ganye ɗaya ba. Ta sani, na sani. Amma sau biyar a rana takan ja ƙafa da butarta zuwa gindin bokitin, ta yi alwalarta a nan. Na gaji da kallo, na kuma kasa hana ta.

Yanzu in zan yi tafiya kuma tana son fulawar fanke, takan ce, a hankali, idonta a ƙasa, "Garin fulawa. Garin."