Kilomita Ukun da Na'Allah Ya Ɓoye

Shekara ashirin da shida Na'Allah ya yi yana bin layin wuta da ƙafa tsakanin Kazaure da Babura. In aka ɗauke wuta, shi ake turawa ya gano inda waya ta tsinke ko reshe ya faɗo mata. Matan ƙauyuka kan aiko masa da fura, domin ganinsa alama ce injin niƙa ya kusa tashi.

Sai aka kawo wata na'ura tashar wutar, ba ta fi rediyo girma ba, aka danƙa ta ga injiniya Bahijja.

"Baba, ƙarfin wutar take aunawa, da yawan wadda ke gudu a waya," in ji ta. "In layi ya samu matsala, da wannan lissafin take gane nisan wurin. In kusa ne ta yanke wutar nan take. In da nisa ta ɗan jinkirta, ko na'urar gaba za ta yanke."

Ya ce madalla, amma kishi ya cika masa ciki. Aikin da ke cin masa yini biyu da takalmi, wannan aba ta gama shi tana zaune a inuwa, ko ƙaya ba ta taka ba.

Wata rana da damina wuta ta yanke, na'urar ta ce kilomita goma sha bakwai. Bahijja da ma'aikata suka je, har da Na'Allah, waya lafiya lau. Na'Allah ya san dalili: da tsohuwar taswira suke auna nisan, wadda aka zana kafin a karkatar da layin ya zagaye wani dutse. Zagayen ya ƙara wa layin kilomita uku, da hannunsa ya kafa falwayoyin. Ya ja bakinsa ya yi shiru har la'asar, yana kallonsu suna kutsa taɓo, ransa fes.

Sai Tasalla mai fura ta tsaya gabansa. "Baba Na'Allah, kai ma ka kasa?"

Wannan kam bai iya haɗiyewa ba. Ya ja su baya kilomita uku, ya nuna musu wayar kwance cikin gero. Bahijja ta gode masa sosai, ta zauna da shi suka gyara taswirar falwaya bayan falwaya.

Tun ranar ba a sake ɓata hanya ba, ba a kuma sake tambayarsa komai ba. Furar ma yanzu motar Bahijja ake kai wa.