Ranar da Aka Dafa Tsirkiya a Argungu

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare a Birnin Kebbi, tun muna cikin jihar Sakkwato, mu huɗu muka haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa. Dukkanmu malaman makaranta ne. Ɗaya na buga ganguna, ɗaya na riƙe da ƙaramar jita, ɗaya na waƙa, ni kuwa aka ce in riƙe bas, wato babbar jitar nan mai kauraran tsirkiyoyi huɗu, wadda ba ruwanta da kwalliya, aikinta kawai ta riƙe gindin kiɗa. Damuwar ita ce ba mu da ita. Wata tsohuwar jita ta yau da kullum na samu, na sassauta tsirkiyoyinta, ina ta fama. In muka je liyafar ban kwana ta wani ma'aikaci, sai mai ganga ya riƙa waiwayena yana cewa, "Malam, kana nan kuwa? Ni ban jin ka."

Da abin ya ishe ni, na ɗaura niyyar sayen ta gaske.

Akwai wani Alhaji mai shagon rediyo da kaset kusa da kasuwa. Duk sa'ad da ya je Ikko sarin kaya, ba ya rasa dawowa da wani abu da ba wanda ya aike shi. A wannan karo bas ya kawo, ja wur, tana walƙiya har mutum na iya ganin haƙoransa a jikinta. Ya rataye ta a bakin shago. Kwana uku ina bi ta wurin da kekena, ina rage gudu, kafin na yi ƙarfin halin tsayawa.

Alhaji ya sauko da ita, ya jona ta da amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, ya miƙo mini. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Da na taɓa tsirkiyar farko, shagon ya ɗauka, masu wucewa suka tsattsaya. Na ji kamar an ƙara mini tsawo. Sai ya jawo wani ɗan akwatin ƙarfe mai maɓalli a kai, ya ce ana kiransa feda, da ƙafa ake taka shi, shi ke canza muryar jita. Na taka, jita ta fara cewa wak, wak, kamar tana magana. Alhaji ya ce in na ɗauki jitar, fedar kyauta ce.

Da a ranar na ɗauke ta, sai dai akwai abin da ya ɗan tsaya mini a rai. In na hau can tsakiyar wuyanta, sai in ji wata 'yar ƙara kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Da na ba mai gangarmu labari, ya ce in dakata. Ya ji an ce akwai wani tsohon soja a Argungu wanda ya yi shekaru yana kiɗa a kudu, ya dawo gida ya kama noman shinkafa, kuma jitarsa na nan ba ya amfani da ita.

Cikin makon nan kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Gulma da buhunan albasa. Manomi ne, amma in ya dawo daga fadama yakan zauna gindin itacen bedi ya kaɗa molo, shi kaɗai, don jin daɗinsa. Bai taɓa riƙe jita ba. Duk da haka na san kunnensa ya fi nawa, don haka bayan ya sallami kayansa na ja shi shagon Alhaji.

Kawu bai ko dubi jitar ba. Ya juya mana baya, ya fuskanci titi, ya ce in kaɗa. Na yi iyakar bajintata. Na taka feda ma don in burge shi.

"Mi ne ne wanga?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Feda ce, Kawu."

"Awo. Na ɗauka kwaɗin hwadama ne sunka biyo ni."

Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu. Da muka fito na tambayi Kawu yadda ya ji jitar kanta. Ya ce, "Tana da baki, ba ta da ciki. Amma kak ka bi tawa, ɗana, mu tai mu ji ta Argungun. Ai hanyar gida ce gare ni."

Na koma na roƙi Alhaji aron fedar na kwana ɗaya, ya ba ni ba musu.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga mota. Damina ta ja baya, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, fadama shar har iyakar gani. Tafiyar duka Kawu na yi wa gonakin mutane sharhi, wannan an makara da shuka, wancan mai ita ƙwaro ne. A Argungu ba mu sha wuyar neman gidan ba. Muna cewa tsohon soja mai jita, wani mai sayar da busasshen kifi ya nuna mana lungun.

Dattijo ne gajere, kakkaura, gemunsa fari fat, yana ɗan ɗingishi. Muka gaisa a zaure, aka kawo ruwa, ya tambayi mutanen Gulma ɗaya bayan ɗaya, ashe ya san rabinsu. Sai da aka gama wannan duka na faɗi abin da ya kawo mu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya kan hannuwana.

"Miƙo yatsunka in gani."

Na miƙa. Ya lallatsa kawunansu, ya ji sun yi kanta, sannan ya tashi ya shiga cikin gida.

Ya fito da jitar a naɗe cikin tsohon zane, ya warware. Ba za ka iya cewa ga launinta ba. Fenti ya goge a inda hannu ke zama, itacen ya fito fili, gefenta akwai tabon ƙuna, ɗaya daga cikin kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su ma ba irin sauran ba ne. Da na ɗaga ta na ji kamar turmi na ɗauka. A zuciyata na ce mun yi asarar tafiya.

Babu wuta a unguwar a lokacin, amma Baba, haka na riƙa kiransa, yana da dabararsa. Ya jawo wata 'yar amfilifaya ya haɗa ta da batirin mota, ya ce in kaɗa tsirkiya ɗaya kawai, in sake ta, kada in ƙara komai.

Na kaɗa. Sautin bai yi tsalle ya cika zaure kamar na jar jita ba. Ta ƙasa ya biyo. Na ji shi a tabarma, na ji shi a cikina, kuma ya daɗe bai mutu ba. Kawu, wanda ya riga ya juya baya kamar yadda ya yi a shago, ya ɗora tafin hannunsa kan ƙyauren zaure. Can ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Na hau wuyanta tun daga sama har ƙasa ina neman ƙudan zuma, ban same shi ba.

Tsirkiyoyin da ke jikinta sumul suke, yatsa na zamewa a kai kamar an shafa mai. Na ce na jar jita kaushi gare su. Baba ya ce iri biyu ne. Masu sulɓi muryarsu a dunƙule take kamar babbar ganga, kuma sukan yi shekaru ba su gaji ba. Masu kaushi sun fi kaifi da amo, amma suna cin yatsu, kuma dauɗa na kashe su da wuri. Yana da saiti ɗaya na masu kaushin cikin wani gwangwanin biskit.

"Sun mutu," in ji shi, "amma yanzu za mu tashe su, ka ji da kunnenka. Ba a zaɓen abin da ba a ji ba."

Ya naɗe su kamar awarwaro, ya leƙa cikin gida, ya ga matarsa ta shiga maƙwabta, sai ya yafuto mu. A tsakar gida akwai tukunya kan murhu, ruwa na tafasa, an ɗora don tuwo. Ya jefa tsirkiyoyin ciki. Na zaro ido. Ya ce tafasa ce ke fid da gumi da dauɗar da suka shige tsakanin zaren ƙarfen. Muka tsaya mu uku, manya da mu, muna kallon tukunya. Ruwan ya fara yin baƙi-baƙi, wani maiƙo na tasowa.

A haka Inna, matar gidan, ta dawo ta same mu. Ta leƙa tukunya, ta dubi mijinta, ta riƙe haɓa.

"Malam, ruwan tuwon baƙi kaz zuba ma waya?"

"Yanzu za ni kwashewa."

"Ku gane mani mutumen ga! Shekara da shekaru ina hana shi, sai da yag ga na ba da baya." Ta juyo gare ni. "Ɗana, kai az za ka saye abin ga?"

"In Allah Ya yarda, Inna."

"Don Allah ɗauke shi yau, har da gwangwanin. Ni ko tukunyata ta huta."

Tana faɗa tana dariya, ta kore mu zaure, ta wanke tukunya ta sake ɗora ruwa. Baba ya shanya tsirkiyoyin a kan danga. Kafin su bushe muka yi sallar azahar, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wadda mutum ke ci yana share gumi. A nan Baba ya ba mu labarin yadda ya fara, cewa ƙaho yake busawa a soja, ranar da mai bas ya kwanta ciwo aka ce shi ya riƙe, bai sake ajiyewa ba sai da ya dawo gida. Tabon ƙunar nan kuwa, wani ne ya ajiye sigari a kai a wani otal.

Bayan cin abinci ya ɗaura masu kaushin. Lallai sun tashi. Sauti ya fito tar, kowane bugu da bakinsa. Na ji daɗinsu, amma kafin in gama waƙa biyu yatsuna sun fara zafi. Kawu ya ce waɗannan suna neman su yi gasa da mai waƙa, na farkon kuwa sun san matsayinsu. Baba bai goyi bayan kowa ba. Ya ce ya danganta da ɗakin da za a yi kiɗa da kuma hannun mai ganga.

"Mai gangarku hannunshi na da nauyi?"

"Kamar mai faskare, Baba."

"To maida masu sulɓi bisa, su zauna ƙarƙashinshi. In kun hita hili, inda iska ka kwashe sauti, sa masu kaushi."

Sai na tuna da fedar Alhaji, na fito da ita daga jaka. Baba ya jujjuya ta, ya ce ai shi ma yana da tasa, ya ɗauko wata mai tsatsa, ta fi wannan girma. Muka jera su. Na taka ta Alhaji, kwaɗi suka fara. Inna ta leƙo daga ƙofa tana tambaya ko ruwa za a yi. Sannan na taka ta Baba. Wani irin gurnani ya fito, a tsage, kamar ana yaga sabon yadi a cikin rijiya. Ban kai ga ɗauke ƙafa ba, jakin maƙwabta ya amsa daga bayan katanga, ya ja kuka mai tsawo har da shessheƙa. Kawu ya kwanta a tabarma don dariya, hularsa ta faɗi. Baba kansa sai da ya share hawaye.

Da muka natsu, Baba ya ce shi shekarunsa duka a waƙa ɗaya tak yake taka tasa. "Feda yaji ce," ya ce. "Kaɗan aka sawa."

Ciniki bai yi tsawo ba. Abin da ya fi damunsa shi ne in yi alkawarin ba zan jingine ta a rana ba, kuma in riƙa goge tsirkiya da ƙyalle duk na gama kiɗa. Ya haɗa mini da gwangwanin biskit. Fedarsa kuwa ya ce ta zauna, ko don jaki ya samu abokin hira. Da zai miƙo mini jitar ya ɗan riƙe ta, ya kaɗa wani gajeren salo da babban yatsa kawai, a hankali, sannan ya naɗe ta da zanenta ya sa mini a hannu.

A tasha muka rabu da Kawu, ya nufi Gulma. Ni kuwa na zauna bayan mota, jita tsaye tsakanin ƙafafuna, wata tsohuwa na ta tambayata ko bindiga ce.

Da na mayar wa Alhaji fedarsa na faɗa masa gaskiya, cewa na sayi ta Argungu. Bai ji haushi ba. Na ce amma fedar ina so, duk da Kawu ya rantse kunya za ta ba ni, ya sayar mini. Jar jita kuwa wani mai ɗaukar hoto ya saye ta, samari suka riƙa rataya ta ana ɗaukarsu, ba wanda ya damu da muryarta.

Asabar ta gaba da la'asar muka taru a ajin da muke gwaji. Na warware zane, abokaina suka dubi jitar, suka dubi juna. Mai waƙa ya ce ko itacen girki na sayo. Na jona waya, mai ganga ya ba da ƙirga, muka shiga. Ba mu yi nisa ba na ga ya daina waiwayena, ya sunkuyar da kai yana murmushi, kiɗan ya zauna daram.

Muna cikin waƙa ta biyu hedimasta ya shigo. Mutum ne mai tsare gida, da wuya ka ga haƙoransa, kuma ofishinsa na jikin ajin. Muka tsaya cak.

"Wa ke kaɗa abin da ke girgiza mini gilashin taga?" ya tambaya.

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ya matso, ya duba jitar, ya shafa tabon ƙunar da yatsa. Sannan ya jawo benci ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"Ku sake daga farko," ya ce. "In kun iya ta sosai, ku za ku buɗe taron ba da kyaututtuka na bana."