Ƙwan Sadiya da Ƙulin Angurya

Shekara tara Halima Sadiya ta yi tana kiwon kajin ƙwai a garin Turawa, tun bayan rasuwar mijinta Halliru. Abin da ta tara a shekarun nan suna ne. Ɗanmaliki, mai shayi a bakin tashar Karaye, shi ke kwashe kusan duk ƙwanta, kuma kai tsaye yake fasa shi cikin kofin kaɗawa, ko dubawa ba ya yi.

Shekarar da waken soya ya yi tsada, sai ta tuna da ƙulin angurya. Da shi marigayi yake ciyar da shanun turke har su yi ɓul-ɓul. Ta ce abin da ya gina bijimi ai zai gina kaza. Ta sayo buhu biyu daga Rogo, ta daka, ta zuba da yawa cikin dusa da masara.

Ba ta yi sakaci ba. Kullum da safe takan fasa ƙwai ɗaya mai ɗumi ta duba, ta ga gwaiduwa lafiya lau. Ba ta san ɓarnar angurya ba ta bayyana sai ƙwai ya daɗe a ajiye ba.

Wata Laraba Ɗanmaliki ya yi sallama a zaure, riƙe da kwano a rufe.

"Yaya Sadiya, ba faɗa na zo yi ba. Duba nan."

Gwaiduwar ta rine, kamar miyar kuka da ta kwana.

"Wani direba cewa ya yi in miya yake so, ya san hanyar gidansa. Benci guda suka tashi."

"Wallahi kullum sai na fasa na duba!"

"Ke na yau kike fasawa, Yaya. Ni na makon jiya."

Malamin gona ya tabbatar mata angurya ce. Ta daina ba kajin, ta kyautar da ragowar buhun ga maƙwabci mai raguna. Bayan makonni ƙwai ya gyaru, Ɗanmaliki ya dawo saye, amma kiret biyu maimakon goma.

Rannan tana jiran mota a tasha, ta hango shi ya ɗauki ƙwanta. Ya fasa a wani ƙaramin kofi daban, ya karkata shi wajen haske, ya leƙa, sannan ya juye cikin kofin kaɗawa. Bai gan ta ba. Ta ja mayafinta, ta zagaya ta bayan rumfa.