Roƙon Addu'ar da Na Kai Zumuntar Mata

Ni dai bakina ya fi ƙafata sauri, duk wanda ya koyar tare da ni a Samaru ya san haka. Amma ban taɓa ganin ɓarnarsa ƙiri-ƙiri ba sai a kan mai wayarin ɗin motata.

Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Tun mijina yana raye shi ke duba mana wutar mota, bayan rasuwarsa ma ban canja ba. A daminar da nake magana hon ya mutu, na kai masa. Ya ce sai da ya buɗe sitiyari kafin ya gano wayar, amma komai ya yi daidai.

Bayan kwana uku, ina tayar da mota sai ga wata jar fitila a dashbod, hoton ɗan mutum a zaune da ƙwallo a gabansa. Na kashe, na kunna, tana nan. Na nuna wa malamin lissafin makarantarmu, irin mutanen nan da ba abin da ba su sani ba. Ya leƙa, ya kama baki.

"Malama, wa ya taɓa miki sitiyari? Ai fitilar iyabag ce, jakar iskar nan da ke fitowa ta tare ƙirjin mutum in an yi karo. Cirewa suke yi su sayar, su cusa tsumma a gurbinta."

Shi ke nan, kaina ya ɗau zafi. Daga Samaru zuwa Sabon Gari wane nisa ne? Da na koma shagon mai wayarin na tambaye shi, da magana ta ƙare a ranar. Ban koma ba. Wai ni mai bin Almasihu ce, ba zan tsaya cacar baki a bakin titi ba. Abin da na yi kuwa ya fi cacar baki muni.

Ranar Alhamis a zumuntar matan majami'armu, da shugaba ta tambaya ko akwai mai roƙon addu'a, na miƙe. Na kwantar da murya kamar ta Allah. Na ce a taya ni roƙo Ubangiji ya ba ni zuciyar gafara, domin wani mai gyara da mijina ya amince wa ya cuci gwauruwa, ya sace abin da zai tsare ranta. Ban kama suna ba. Me zai sa in kama? Rabin matan nan ni na nuna wa mazansu shagonsa. Aka yi ta "kai, kai, kai", aka durƙusa aka roƙa masa tuba. Na koma gida zuciyata wasai.

Kafin kaka labari ya kai Jushi da Zabi. Wannan ta ce mijinta ya canja wuri, waccan ta ce ashe shi ya sa batirinsu ba ya daɗewa. In na bi ta layinsa nakan hango shi zaune a benci, ba mota ko ɗaya a gabansa. Sau biyu yana ɗaga mini hannu ina kau da kai.

Da Kirsimeti ta matso, 'yata ta ce atafau ba za ta sa 'ya'yanta a mota marar iyabag mu tafi ƙauye ba. Muka kai motar wurin wani mai kwamfuta a Palladan don ya sa mana wata. Ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, ya duba, ya ɗago.

"Mama, matsalar ba a sitiyari take ba. Tana ƙarƙashin kujerar mai zaman banza."

Na ce ya dai buɗe in gani. Ya cire kan batir, ya buɗe. Ga iyabag nan daram, da tambarin kamfani a jikinta. Sai ya zagaya, ya tura kujerar baya, ya zura hannu ya zaro lemata mai lanƙwasasshen mariƙi, wadda nake cusawa a can duk damina. Kusa da inda take, wani soket ruwan ɗorawa yana reto. Nan take na tuna ranar: ruwa na zuba a ƙofar makaranta, lemar ta maƙale, na fizge ta da ƙarfi har da tsaki. Ya mayar da soket ɗin, ya ɗaure wayar sama, ya goge matsalar a kwamfuta, fitila ta mutu. 'Yata ta dube ni. Wayyo, gara ma ta zage ni.

Washegari na tafi Sabon Gari wurin mai wayarin. Na faɗa masa komai, kunya kamar in nutse. Ya daɗe yana murza wata waya a hannu.

"Madam, ni na yafe," ya ce. "Amma ai ba ni kika gaya wa ba. Inda kika faɗa, can za ki je ki gyara."

Alhamis na zagayowa na miƙe, da lemar a hannuna. Wannan karon na kama sunansa. Na ce mutumin nan bai ɗauki ko allura ba, ni ce na tsinke wayar da hannuna, ni ce na yi masa ƙazafi a gaban Allah da gabansu. Hawaye ya hana ni ƙarasawa. Can sai shugaba ta taso ta rungume ni.

"Kun ga aikin addu'a? Ta yafe masa har tana ɗaukar laifinsa a kanta!"

Aka ɗauki waƙa, aka hau buga tulu. Ina cewa ba haka ba ne, ku saurare ni, ba mai jina. Da aka tashi, wata dattijuwa ta riƙo hannuna a bakin ƙofa, ta matso kunnena.

"Kin kyauta da kika rufa masa asiri, 'yata. Amma mu dai motarmu ba za ta sake zuwa wurinsa ba."