Kujerar Kaka a Bakin Rafi

Rugugin rafin bayan gidanmu na Rikoto nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar. An yi kwana biyu ana ruwa, rafin ya cika har ya fara cin kunyoyin dawar kakana.

Kaka tsohon soja ne. Duk damina in ruwa ya taso, sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ya zauna a gefen gona yana yi wa rafin magana da yarenmu na C'lela, a hankali, kamar mai lallashin jinjiri. Can nake kai masa kunu. "Amaryata," yakan ce, "zauna ki taya ni roƙo."

A shekarar ina aji huɗu na sakandare. Na tsinci labarin wani sarkin Danmak na zamanin dā a wani tsohon littafi da gara ta ci. Sarkin ya sa aka kai masa karagarsa bakin teku, ya umarci ruwa ya tsaya, ruwa kuwa ya jiƙa masa ƙafafu. Daga nan shafin ya yage. Na ɗauka labarin wawa ne.

Ranar, abokan Kaka biyu da suka yi soja tare suka zo duba ɓarnar. Na ajiye kunu, na ce, "Angona, ashe kana da ɗan'uwa a Turai!" Na kwashe labarin na ba su, har da kwaikwayon muryar Kaka.

Ɗayansu ya yi dariya har da tari. "Saje, ka ji! Ranka ya daɗe, sarkin ruwa!" Ya ƙame ya sara masa.

Wasan jika da kaka ne, na saba. Amma ban taɓa yin sa a gaban baƙi ba. Kaka ya yi murmushi, ya shanye kununsa, ya miƙo mini ƙoƙon. "Kai kujerar gida," ya ce.

Bai ƙara zama a bakin rafin ba. Bai fasa kirana amaryarsa ba, ni kuma kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri.

Sai a jami'a, bayan ya rasu, na karanta ƙarshen labarin. Sarkin ya san ruwa ba zai tsaya ba. Ya je ne don fadawan da ke zuga shi su gani da idonsu cewa ikon ba nasa ba ne, kuma an ce daga ranar bai ƙara ɗora kambi a kansa ba.