Sannunku da Aiki, Masu Bisa Kwano

A rediyo na ji an tsare maigidana da bindiga. Ina tsugune ina tankaɗe, ana cikin shirin gaisuwar masu saurare na hantsi, wani mutumin Falanko ya kai rabin jerin surukansa, sai aka katse shi. Mai gabatarwa ya ce a yi haƙuri, ga labari da ɗumi-ɗuminsa: tsohon maigadin magazar hatsi ya kulle kansa a ciki, da bindiga, tare da mai riƙe da makulli. Mai riƙe da makullin magaza ɗaya ne a garinmu, kuma da safen nan ni na ciro masa makullin daga jikin ƙusa. Na bar wa kaji garin tuwo na fita, takalmina wari da wari.

Rediyon namu ƙaramar tasha ce ta gari, ɗaki biyu da dogon ƙarfe, da hasken rana take aiki. Amma muryarta na kai wa Gangara da Tenhiya, har Balbeji in iska ta yi kirki. Aikinta cigiyar raƙuma, sanarwar biki da rasuwa, sai gaisuwa, kuma gaisuwar ta cinye sauran. Mutumin Damargu in ya samu layi, ko gobara ce ta sa ya kira, sai ya gama gaida dangi da maƙwabta da abokan cin tuwo kafin ya faɗi unguwar da ke ci.

Maigadin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe yana tsaron ƙofar magazar bankin cimaka, inda ake ajiye gero don lokacin da rumbuna suka yi fayau. Da aka ga hatsi ya ragu, kwamiti ya sallame shi, aka kuma kai sanarwa rediyo cewa an sallame shi “bisa wasu dalilai”. Ba wanda ya ce ɓarawo. Sai dai ko jakin garinmu ya san abin da wasu dalilai ke nufi, kuma surukan Baba na Tenhiya sun ji da kunnensu. Abin da yake nema ranar nan ɗaya ne: shugaban kwamiti ya shiga rediyo da bakinsa ya janye dalilan. Shugaban kuwa yana kasuwar Gangara, wayarsa ba ta shiga.

Maigidana ko a kwamitin ba ya ciki. Nasa ya buɗe, ya auna, ya rufe. Mutum ne da in za a yanka kaza a gidanmu sai ya tuna yana da uzuri a waje.

Na tarar jandarmomi sun ja igiyar guga sun kewaye gaban magaza, gari kaf yana bayan igiya, har mai ƙanƙara ya kafa ciniki. Aka tura ni gaba ana cewa ga matarsa, ga matarsa, kamar ni ce za a yi gwanjona. Kumandan ya ɗaga igiya na shiga. Baƙo ne daga yamma, Hausarsa ta wurin aiki ce, gajera ba ado.

“Madam, bindigar nan, tana tashi?”

Na ce, “Ta toka ce, ranka ya daɗe, ta farauta. Da sallar bara dai ta tashi.”

Ya ce in tsaya kusa da shi kada in yi kuka da ƙarfi. Da yake a nan na tsaya, duk dabarar da aka ƙulla a kunnena aka ƙulla ta. Liman zai zauna a bakin ƙofa yana lallashin Baba. Jandarma biyu za su zaga ta baya, su cire takalma, su hau rufi. Akwai wani fallen kwano da ya saki a baya, ta nan za su dira kan buhuna su riƙe hannun tsohon kafin ya waiga. Matsalar ita ce kwano ba ya rufa wa mai tafiya asiri. Maganinta kuma rediyo, domin Baba ya shiga da tasa, ya ƙure ta yana jiran ya ji an wanke shi. Muna jin ta daga waje rangaɗau.

Kumandan ya yafito mai gabatarwa, wanda ya baro tasha ya zo da salula a hannu yana ba da labari kai tsaye. Ya sa ya toshe bakin wayar da tafin hannu, ya ce masa, “Ka yi ta magana. Kada ka yi shiru. Amma abin da kake gani, kada ka faɗa.”

Ban taɓa tausaya wa ɗan rediyo ba sai ranar. A ce mutum ya yi ta zuba, ga abin faɗa a gabansa, kuma shi kaɗai aka hana shi. Ya yi bayanin zafin rana. Ya yi bayanin amfanin haƙuri. Ya gaida perefe mai mulkin yankin, ya gaida magajin gari, ya koma kan zafin rana. Kowace kalma sau biyu muke jin ta, daga bakinsa, sannan daga cikin magaza. Can miyau ya ƙafe masa, ya ce wa abokin aikinsa da ke tasha a buɗe layi masu saurare su sa baki da addu'a. Ya dubi kumandan, kumandan ya gyaɗa kai. A ganinsa addu'a ba ta ɓata aiki.

Wani ya kira daga Balbeji ya yi addu'a mai kyau, ya haɗa da cigiyar raƙumarsa mai tabo a wuya. Wani ya ba da shawarar a turara barkono ta ƙarƙashin ƙofa, Baba ya amsa daga ciki cewa ya ji, kuma shi ma Allah ya ba shi hanci ɗaya ne da wanda ya tsare. Sai na ji wata murya da na sani sarai.

Inna ce, uwar mijina. Gidanta jingine yake da bayan magaza. Ciwon gwiwa ya hana ta fita, amma bai hana ta waya ba, salularta kullum a ƙulle take a bakin zane, kuma duk mai sauraren tashar ya san muryarta. Ta tsakar gidanta jandarmomin suka bi, da tsaninta na hawa rumbu suka hau. An gargaɗi mai gabatarwa, an gargaɗi Liman, an gargaɗe ni. Ita yatsa kawai aka ɗora mata a baki.

“Salamu alaikum. Ɗana, kana ji na?”

Na tasha ya ce, “Muna jin ki, Inna. Duk Damargu na jin ki.”

“To madalla. Ina gaida ku ma'aikata, ya rana? Ina gaida Liman. Ina gaida kumandan da iyalinsa. Ina gaida surukata, in tana nan ta gyara lulluɓi, na san yadda take fita in ta rikice. Ina gaida shi mai bindigar, ya gajiya, ya muka ji da wannan abu? Sannan ina gaida samarin nan biyu na jandarma da suka shigo gidana. Na so in gaishe su suka hana ni, baƙo kuwa ba ya ratsa gidana haka nan. Ga su can bisa kwanon magaza ba takalmi, rana na gasa musu ƙafa. Sannunku da aiki. Ku bi a hankali wajen kusurwar gabas, kwanon ya ci tsatsa. To, yanzu maganar ɗana…”

Ba ta kai ga maganar ɗanta ba, aka katse layin. Kumandan ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar. Daga baya an yi ta cewa ɗaya daga cikin na bisa kwanon ya amsa da “Yauwa, Inna”, domin shi ma ɗan mutane ne. Ni ban ji ba. Abin da na ji muryar Baba ce daga ciki, yana cewa, “Au, haka ne?” Sai bindiga ta tashi.

Mai gabatarwa ya saki salati, innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a cikin wayar da ke buɗe. Shi tsoro ne ya sa shi. Amma a tasharmu da wannan ake buɗe sanarwar rasuwa, ba a buɗe komai da shi sai ita. Nan take Damargu ta yi mini takaba. Mata suka tsallako igiya suka rirriƙe ni, wata na cewa Allah ya ba ki haƙuri, wata na cewa mutumin kirki ne wallahi. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin Inna har wuya. Abin da ya zo mini a rai shi ne rigarsa da ke wurin tela ba a karɓo ba, ban san dalili ba. Shi kuwa mai gabatarwa, da ya tuna an ce kada ya yi shiru, sai ya matso da wayar bakina, wai ko iyalin mamaci na da abin cewa.

Daidai nan aka zare sakata. Hayaƙi ya fara fitowa, sannan maigidana, fari fat da ƙurar gero, hannu ɗaya dafe da kunne, ɗayan riƙe da bindigar ta baki kamar taɓarya. Bayansa Baba ne rungume da rediyonsa.

Ban san lokacin da na ƙwalla kiran sunansa ba. Sunan yanka, tsirara, ba Malam ba maigida, ba baban su wane. Mun aurar da 'ya, muna da jika, ban taɓa furta shi ba ko a ɗaka, ko cikin faɗa. Ranar na kira shi da iyakar ƙarfina, na sake kira, wayar rediyo kuwa tana dab da leɓena.

Abin da ya faru a ciki ba shi da yawa. Baba ya harba sama ne, ya huda kwano, samarin suka diro tsakar gidan Inna ba ta tsani ba, ɗaya ya gurɗe ƙafa. Bindigar toka in ta tashi sau ɗaya ta zama sanda sai an sake ɗura ta. Baba ya dube ta, ya miƙa wa maigidana, ya ce, “Ɗana, buɗe mana ƙofa.” Jandarmomi suka tafi da Baba ofishinsu na Tanut a bayan mota. Shugaban kwamiti ya iso da la'asar, ya shiga rediyo ya janye dalilan, bayan ya gaida mutanen Gangara. Kumandan ya je har gida ya yi wa Inna faɗa, ta saurare shi tsaf, ta ce ai sun ce kada ta yi magana da ƙarfi, shi ya sa ta bi ta rediyo. Ta sa aka dama masa fura.

Kwana da kwanaki masu ta'aziyya na isowa daga ƙauyukan da batirinsu ya mutu kafin ƙarshen labari. Maigidana da kansa yake shimfiɗa musu tabarma. Waɗanda suka ji har ƙarshe kuwa ni suka zo gani. A rijiya, a gidan biki, sai wata ta kalle ni ta ce, “Ashe kin san sunansa.” Na sha kunya har na gaji da sha.

Bindigar a gefen kunnen maigidana na hagu ta tashi. Kunnen bai sake ji ba, na daman ma sai da ya kwana biyu yana ƙugi kafin ya dawo. Saboda haka daga Tenhiya har Balbeji kowa ya ji na kira mijina da sunansa, ban da shi. A bakin mutane ya samu labari, ya ce bai yarda ba. Har yau in muka zauna mu biyu bayan cin abinci, yakan juyo mini da kunnen dama, ya ce, “Wai me suka ce kin ce?” Ni kuwa sai in ce masa ya miƙo kwanon.